Rubuta Sau Ɗaya, Ya Hau Ko'ina: Wa Ke Cin Riba, Wa Ke Biya?

A watan Nuwamban 2014 kamfanin Microsoft ya yi abin da shekara goma kafin nan ba wanda zai yarda da shi ko an rantse masa. Ya ce zai buɗe kod ɗin .NET, ya zuba shi a GitHub kowa ya karanta, kuma zai sa shi ya yi aiki a kan Linux da kwamfutocin Apple. Wannan fa shi ne kamfanin da tsohon shugabansa, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji a 2001. Tun fitowar .NET a 2002, duk wanda ya gina shafin intanet da ASP.NET ya san sharaɗin: sabar da za ta ɗauki shafin ta Windows ce, lasisinta kuma kuɗi ne. Akwai Mono, wanda Miguel de Icaza da abokan aikinsa suka haɗa don a samu ɓarauniyar hanya zuwa Linux, amma kullum a baya yake, yana bin sawu. Da ASP.NET Core ya fito a watan Yunin 2016 sai sharaɗin ya faɗi. Mutum ya rubuta aikinsa a kan Mac, abokin aikinsa ya gyara a kan Windows, a ɗora a sabar Linux mai araha, ba a canja komai ba.

Daga lokacin, masu haɗa shafuka da manhajoji kusan sun ɗauki maganar a matsayin wadda aka gama: firemwok na ƙwarai shi ne buɗaɗɗe, mai hawa kowace na'ura. Ni dai ina ganin da sauran magana, domin alkawura biyu ne aka zuba a mazubi ɗaya, kuma nauyinsu ya sha bamban.

Ga wanda ba sana'arsa ba ce, firemwok aiki ne da wasu suka riga suka yi maka. Duk shafin da ake shiga da suna da lambar sirri yana bukatar abubuwa iri ɗaya: ya karɓi saƙo daga burauza, ya gane wa ke magana, ya ajiye bayani a rumbu ya ɗauko, ya tace abin da baƙo ya rubuta kada ya shigo da ɓarna. Maimakon kowa ya faro daga tushe, sai a ɗauki Django ko Laravel ko Rails ko ASP.NET Core, kamar maginin da ya tarar an zuba harsashi, an ja waya, an kai famfo, nasa kawai ya tayar da ɗakuna yadda mai gida ke so. Django ma a gidan jarida aka haife shi, a garin Lawrence na jihar Kansas ta Amurka, inda ake bukatar sababbin shafuka cikin gaggawar ɗakin labarai. An sake shi ga jama'a a 2005, daga baya kuma a kansa aka gina Instagram.

Hujjar farko da masu goyon baya ke kawowa ita ce kuɗi, kuma ba a raina ta. Saurayin da ke karɓar aikin shafi daga wata makaranta ko asibiti a Kano ko Maraɗi, da naira ko sefa ake biyansa, lasisi kuwa da dala ake saye. In kayan aikinsa duka kyauta ne, abin da ya rage masa kuɗin haya na saba da na data. Sai dai a cikin hujjojin wannan ɓangare ita ce mafi rauni a wurina, don kamfanoni da yawa suna ba da rufaffen kaya kyauta har sai ka saba, sannan farashi ya fito.

Wadda ta fi ƙarfi ita ce kana iya buɗe murfi ka leƙa. A cikin Django akwai wani ɗan ƙaramin aiki da ke mayar da kanun labari ya zama adireshin shafi. Yadda aka saita shi tun asali, yana jefar da duk harafin da ba ya cikin baƙaƙen Turanci na yau da kullum, in har bai iya warware shi zuwa ɗayansu ba. Wasalin Faransanci mai alama a ka yana tsira, don ana cire alamar a bar harafin. Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa ba su warwaruwa, sai su ɓace ɗungurungum: ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki, ɓarawo ya koma arawo. Wanda ya gamu da wannan a rufaffiyar manhaja sai dai ya rubuta wa kamfani takarda, ya zauna jiran ranar da wani a can zai damu da Hausa. A Django kuwa ya buɗe fayil ɗin, ya ga layukan da ba su taka kara sun karya ba, ya ga kuma an tanadi zaɓin da ke barin haruffan yadda suke, ko ya rubuta nasa da zai mayar da ƙ ta zama k. Aikin rabin sa'a ne. Da irin wannan leƙe-leƙen ne mutane da yawa suka koyi sana'ar, ba a aji ba.

Sai babbar hujja, wato ikon ficewa. Facebook ya buɗe React a 2013, amma daga baya lasisinsa ya ɗauki wani sharaɗi: in ka kai Facebook ƙara kan haƙƙin ƙirƙira, ka rasa kariyar da ya ba ka a kan React. A watan Yulin 2017 gidauniyar Apache ta hana ayyukanta amfani da kaya masu irin wannan lasisi. A watan Satumba masu WordPress suka ce za su bar React. Watan bai ƙare ba Facebook ya janye sharaɗin, ya koma lasisin MIT wanda kusan bai hana komai ba. Haka aka yi da Node.js: a ƙarshen 2014 wasu daga cikin manyan masu aiki a kansa suka gaji da jan ƙafar kamfanin Joyent, suka kwashi kod ɗin suka buɗe nasu reshe mai suna io.js, har sai da aka zauna a 2015 aka haɗe a ƙarƙashin gidauniya. Microsoft kansa ya ɗanɗana. A watan Oktoban 2021 ya cire daga buɗaɗɗen .NET wata dabara da ke nuna wa mai rubutu sakamakon gyaransa nan take ba sai ya kashe ya kunna ba, don ta zama ta masu amfani da Visual Studio kaɗai. Aka yi masa ca, cikin 'yan kwanaki ya mayar da ita. A gefe guda kuma a tuna waɗanda suka zuba shekarunsu a Flash na Adobe, wanda aka rufe a ƙarshen 2020, ko Silverlight na Microsoft da aka daina kula da shi a 2021. Su ba su da reshen da za su kama. Mai kaya ya naɗe tabarmarsa, kasuwa ta tashi.

To, masu adawa fa? Ba 'yan gardama ba ne kawai, akasarinsu mutane ne da wutar ta taɓa ƙonawa.

Suna farawa da Equifax, ɗaya daga manyan kamfanonin Amurka masu ajiye tarihin bashin mutane. Wani sashe na shafinsa a kan Apache Struts aka gina shi, buɗaɗɗen firemwok na harshen Java. A watan Maris na 2017 aka sanar da wata ɓaraka a Struts, aka kuma fitar da faci. Equifax bai liƙa facin a inda ya kamata ba. Daga tsakiyar Mayu har zuwa Yuli ɓarayi suna ciki suna kwasa, suka tafi da bayanan mutum wajen miliyan 147. Masu kare buɗaɗɗen kod za su ce ai laifin kamfanin ne, faci na nan ya ƙi ɗauka. Gaskiya ne. Amma abin da ɗaya ɓangaren ke nunawa shi ne, ranar da aka sanar da ɓaraka a kayan da dubban shafuka ke amfani da shi, ɓarawo ma ya ji sanarwar, kuma ya ga daidai layin da aka gyara. Daga wannan rana tsere ake yi. Babu wakilin kamfani da zai kira ka a waya ya ce ka sabunta, kuma lasisin MIT da ake yabo ya faɗa ƙarara cewa yadda ka ga kayan haka ka ɗauka, ba mai lamunce maka komai. Kuɗin lasisin da ba ka biya ba, da sa ido za ka biya shi, kowane wata, muddin shafin na raye. Mai karɓar kwangilar da ya miƙa aiki ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, wa ya bar wa wannan gadin?

Suna ƙarawa da cewa firemwok na zamani ba shi kaɗai yake zuwa ba. Ka girka abu ɗaya, ya janyo ɗaruruwan ƙananan ƙunshi da ba ka san marubutansu ba. A watan Maris na 2016 wani mai rubuta kod ya yi fushi da ma'ajiyar npm kan rikicin suna, ya janye ƙunshinsa sama da 250. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa ya cike gurbi a hagun rubutu, misali ya mayar da 7 ta zama 007. Ɗan hakin da ka raina! Ashe manyan kaya irin su Babel sun dogara da shi ta bayan fage, sai ga ayyuka a duniya sun ƙi haɗuwa, har npm ta mayar da ƙunshin da kanta. A watan Disamban 2021 kuma ɓarakar Log4j ta hana ma'aikatan kamfanoni barci, aka waiwaya aka ga 'yan tsirarun masu sa kai ne ke riƙe da abin da manyan kamfanoni da hukumomi ke tafiya a kai. Maganar da ake yawan yi cewa idanu da yawa na ganin kowane kuskure tana aiki ne in da masu dubawa. Sau da yawa kowa ya ɗauka wani ya duba.

Hujjarsu ta uku ta fi ba ni wahalar amsawa. Buɗaɗɗe ne, na'am, amma wa ke biyan albashin masu rubuta shi? React daga Facebook ya fito, Angular da Flutter na Google ne, .NET na Microsoft. Google ya saki AngularJS a 2010, duniya ta runguma, sai a 2016 ya fito da Angular 2 wanda aka sake rubutawa daga tushe, ba ya jituwa da na farko, aka kuma rufe tallafin tsohon a ƙarshen 2021. Microsoft ya sayi Xamarin a 2016, ya daina tallafa masa a watan Mayun 2024, ya ce a koma MAUI. Waɗanda suka gina shafukansu da Web Forms na tsohon ASP.NET ba a ɗauko su zuwa Core ba sam. A takarda kana da ikon ɗaukar kod ka ci gaba da kanka. A zahiri ofishin mutum huɗu ba zai iya renon firemwok ba. Ikon ficewa na taro ne, ba na mutum ɗaya ba: yana aiki in masu fushin suna da yawa kuma a cikinsu akwai ƙwararru, kamar yadda aka gani a Node.js. Duk da haka, ko a nan, sikelin bai koma daidai ba. Shafin da aka gina da AngularJS yana nan yana buɗewa a burauza, har akwai kamfanonin da ke sayar da faci ga masu son ci gaba da shi, abin da buɗewar kod ɗin ce ta halatta. Na Flash kuwa burauza ta daina buɗe shi gaba ɗaya. Saboda haka a alkawarin farko ina tare da masu goyon baya, da sharaɗin a sa kuɗin kulawa a cikin lissafin kwangila tun ranar farko.

Alkawari na biyu, na hawa ko'ina, shi ne inda na fi taka-tsantsan, kuma dole a raba shi gida biyu.

A ɓangaren saba ya cika. Saba ba ta da fuska, ba mai taɓa ta da yatsa, saƙo take karɓa ta mayar da amsa. Tuntuɓen da ake yi ƙanana ne, ko da yake suna cin rai. Windows, yadda aka saba saita shi, ba ya bambanta Hoto.jpg da hoto.jpg, Linux kuwa fayil biyu yake gani. Sai shafi ya yi lafiya lau a kwamfutar mai shi, a ɗora a saba, hotuna su ɓace, a kwana ana neman aljanin da ya shiga, ashe babban baƙi ɗaya ne. Wanda ya sha wannan sau ɗaya ba ya sake sha. Ban da irin waɗannan, ba na jin akwai mai hankalin da zai so a koma zamanin da harshen da ka zaɓa ke zaɓar maka sabar da za ka yi haya.

Rigimar tana kan allo ne, inda ake son mai haɗa shafi ya ɗauki iliminsa na JavaScript ya fitar da manhajar Android da ta iPhone da ta kwamfuta daga kod ɗaya. Mafarkin tsoho ne, tun Java a tsakiyar shekarun 1990. A 2010 Steve Jobs, yana bayanin dalilin hana Flash shiga iPhone, ya kawo hujjar da har yau ba a rushe ta ba, duk da cewa yana da tasa manufar ta kasuwa: duk shimfiɗar da aka sa tsakanin mai rubutu da na'ura, abin da na'urorin suka yi tarayya a kai kawai za ta bayar, kuma sabon abu ba zai iso ba sai mai shimfiɗar ya ga dama. A 2012 Mark Zuckerberg ya amsa a bainar jama'a cewa babban kuskuren Facebook shi ne dogaro da fasahar shafi wajen manhajarsa ta waya, bayan an sake rubuta ta iPhone da harshen na'urar. Airbnb ya shafe kimanin shekara biyu da React Native, a 2018 ya ajiye shi, injiniyoyinsa suka bayyana cewa maimakon dandali biyu sai suka tsinci kansu suna kula da uku: Android, iPhone, da gadar da ke tsakani. Kuma ko wane firemwok ka ɗauka, manhajar iPhone sai an haɗa ta a kan Mac, naka ko na haya, sannan ka biya Apple dala 99 duk shekara.

Electron ya fi kowa nuna inda kuɗin ke komawa. GitHub ne ya ƙirƙiro shi, dabararsa kuma mai sauƙi ce: a naɗe shafi tare da burauzar Chromium sukutum da Node.js, a kira shi manhajar kwamfuta. Slack da Discord haka suke. Wanda ya buɗe uku irinsu, burauza uku ya buɗe bai sani ba. Kamfani ya rage ma'aikata, mai kwamfuta ya biya da ram da batir. Microsoft da kansa, da ya fitar da sabon Teams a 2023 ba tare da Electron ba, ya yi tallarsa da cewa ya ninka sauri kuma ya rage rabin ram ɗin da yake ci.

Amma a nan ma ɗaya ɓangaren bai rasa ta cewa ba. VS Code, wanda ɗimbin masu rubuta kod ke aiki da shi kullum, a kan Electron yake, kuma ba a cika kuka da shi ba, alamar cewa wani nauyin daga sakaci yake zuwa. Shopify ya sanar da komawa React Native a 2020, bayan ficewar Airbnb, kuma kayan sun canja sosai tun daga lokacin: a 2019 Facebook ya fitar da injin Hermes musamman don manhajoji su riƙa tashi da wuri a wayoyin Android marasa ƙarfi. Flutter, da ya kai sigar farko a watan Disamban 2018, ya bi wata hanya dabam, yana zana kowane maɓalli da kansa. Sannan Airbnb na da kuɗin ɗaukar runduna biyu ta injiniyoyi. Ga ƙaramin ofishi zaɓin ba tsakanin manhaja mai kyau da mafi kyau yake ba, tsakanin a samu ta iPhone ne ko a rasa ta. Wannan hujja ce ta gaske, kuma ita ce ta sa ba zan ce a guji waɗannan kaya ba.

Inda na rabu da masu zumuɗi shi ne tambayar da ba su cika yi ba: ina ne ko'inan? In masu amfani da aikinka 'yan kasuwar Kantin Kwari ne ko iyayen yara a Gusau, mafi yawansu Android ce a hannunsu, Tecno ko Itel ko Infinix, wata mai ram gig biyu, cike da hotuna da saƙonnin murya, mai ita yana goge wani abu kafin ya sauke wani, yana kuma lissafin kowane megabait. Ka ɗora masa nauyin gadar da aka gina don a isa iPhone, alhali masu iPhone a cikin abokan cinikinka ba su cika aji ɗaya ba, ka sa talaka ya biya kuɗin jin daɗin da ba shi zai more ba. Facebook da duk ƙarfinsa sai da ya fitar da Facebook Lite a 2015 saboda irin waɗannan wayoyi da irin wannan intanet.

Sau da yawa ma amsar tana gaban mai haɗa shafi, ya tsallake ta don ba ta da ƙyalli. Burauza ita ce dandalin da ya riga ya hau ko'ina, ƙa'idojinta a buɗe suke, ba na kamfani ɗaya ba ne, ko da yake rinjayen Chromium abin sa ido ne. Shafi mara nauyi da saba ke haɗawa ta aiko, da Django ko Laravel ko ASP.NET Core, yana buɗewa a tsohuwar Itel da sabuwar iPhone da kwamfutar ofis, ba a sauke komai ba, ba a jira amincewar kantin Apple ko na Google ba, gyara kuma yana isa ga kowa a minti ɗaya. Makarantar da ke son iyaye su duba sakamakon jarrabawa sau uku a shekara ba ta bukatar manhaja, ko da shugabanta ya nace don ya ga ta maƙwabta. Wanda aikinsa ke bukatar kyamara koyaushe, ko taswira mai bin motsi, ko aiki na kwanaki a ƙauyen da ba sabis, shi ne ya kamata ya zauna ya auna React Native da Flutter da rubutun Android zalla, kuma gwajin a yi shi a kan wayar da ta fi kowace rauni cikin waɗanda abokan cinikinsa ke riƙewa, ba a kan tasa ba.